Man Shanu a Bakin Kube

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Na juya al'amarin gaba da baya, na nemi wanda zan ɗan gutsura wa laifin, har jakin da ya maido ni gida ran nan sai da na tuhume shi, amma duk hanyar da na bi sai in tarar da kaina zaune ina jirana.

Kada kuma a ɗauka jahilci ne. Lakkol, wato makarantar boko, na yi ta. A Filinge na zauna aji biyar shekara biyu a jere, saboda mushenmu, wato malaminmu, ya lura ina son ajin, daga nan mahaifina ya ce gero ba ya jiran mai karatu. Abin da na kwaso bai cika ludayi ba, amma a ƙauyenmu na ƙasar Kurfai ya isa a kira mutum Mushe har gemunsa ya yi fari. Ni ke karanta takardar likita, ni ke fassara wa mutane abin da rediyo ke nufi ko da da Hausa ya faɗa, ni ne kuma mai yi wa mata dariya a kan camfe-camfensu. A wannan na ƙarshen na fi ƙwarewa.

Haƙora suka jawo komi. Sun riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar samarinmu bayan girbi, sai dai su ba sa dawowa da damina. Goro kuwa ban iya rabuwa da shi. Tsohuwata, uwar ƴaƴana, ta sayo mini magogi, irin gwangwanin nan da ake huhhudawa da ƙusa a goga goro ya zama gari. Na ce mata magogi na tsofaffi ne. Ta dube ni, ta dubi magogin, ta rataye shi a bakin ɗakina inda duk baƙo zai gani.

Sai na sayi wuƙa wurin wani maƙeri Buzu a kasuwar Filinge. Ƴar ƙarama ce, tsawon ɗan yatsa, da ƙotar baƙin itace, kaifi kamar askar wanzami. Da ita nake feraye goro siriri-siriri in ɗora a harshe. Matsalar ita ce wurin ajiya. Riga uku ta huda wa aljihu, a ta huɗu kuma ta wuce aljihun ta gaida cinyata. Tsohuwa ta ce ita ta gama ɗinki: ko in yi wa wuƙar gida, ko ni da wuƙar mu nemi wani gidan.

Ina da taubashi baduku, yana da rumfa a kasuwar. Ɗan gwaggona ne, saboda haka bawana ne tun ranar haihuwarsa, ko da yake shi ya ce ba a taɓa karanta masa takardar ba. Na je na ce ya ɗinka mini kube na ratayawa a wuya, kamar laya, a cikin riga. Na kuma ƙara da sharaɗi. Kafin ɗana ya tafi bida, wato ci-rani, bakin teku ya taɓa nuna mini wani ƙato a wayarsa, cikin wani daji, ya rataya wuƙa ƙota ƙasa, ya fizgo ta da hannu ɗaya kafin ƙiftawar ido. Irin wannan nake so.

"Ƙota ƙasa?" in ji taubashina. "Don mi?"

"Don gaggawa."

"Goron gudu shika yi in an daɗe ba a yanka shi ba?"

"Kai dai yi aikin ubangidanka, bawa. Ba kowane ilimi ba na ka shiga kan baduku."

Ya yi ɗin. Ya jiƙa fatar akuya, ya naɗe ta jikin ƙarfen, ya ɗinke ta tsam, ya ce in bar masa har kasuwa ta gaba ta bushe a jikin wuƙar. Da na dawo ya kifa kuben, ƙota ƙasa, ya girgiza shi sau uku da ƙarfi kamar mai kaɗa caki. Wuƙa ko motsi.

"Saurara da kyau, Mushe, don wanga ba a koyar da shi lakkol. Tunda ka ce baki ƙasa, ba abin da ka riƙe da ita sai matsi. Kube da yunwa shika riƙo. Kak ka ba shi mai, kak ka bari shi sha ruwa. Kullum da sahe ka girgiza shi sau ukku bisa tabarma kahin ka rataya. Ran da ta hwaɗo, kak ka sa shi, kawo man shi."

Ya zura masa wani zaren auduga da ya murza da kansa, siriri. Na ce wannan ai ɗan akuya ma sai ya tsinka shi.

"Don shi tsinke niy yi shi. In reshe ya kama, ko ƙahon rago, gara zare shi tsinke da wuyanka. Ba wuyan nika tausai ba. Jana'iza ran kasuwa nika gudu."

Na yi masa godiya irin wadda ake yi wa bawa, wato ban yi ba. A hanya na zauna na yi nazari. Hankali ya nuna cewa abin da ke ɗauke da kaya shi ya kamata ya fi ƙarfi. Ina isa gida na cire zaren na sa igiyar nilon shuɗiya, irin wadda ake ɗaure guga da ita. Gyara na farko ke nan.

Na biyu ya zo da bazara, irin zafin nan da ke sa ƙadangare ya ɗaga ƙafa ɗaya ta huta. Fata ta ƙara ƙanƙancewa. Wata rana muna gindin gawon da dattawa ke zama bayan azahar, aka raba goro, na gyara zama, na sa hannu cikin riga don in nuna musu yadda ake fizga da hannu ɗaya. Na fizga. Wuƙa ta ƙi. Na ƙara, igiyar nilon kuwa da yake ba ta san tsinkewa ba sai ta jawo wuyana ƙasa, na duƙa gaban jama'a kamar mai neman gafara. Sau uku ina duƙawa. Wani tsoho da bai da ko haƙori ɗaya ya zaro magoginsa daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Ara, Mushe, kahin ka yanka kanka."

Da na koma gida na tuna da keken mushenmu na lakkol. Duk ran da sarƙarta ta yi gardama, mai yake ɗiga mata ta saki. Ƙarfe da mai abokai ne, wannan a rubuce yake. Na leƙa ɗakin tsohuwa, ba ta nan. Na buɗe ɗan kwanon da take tara man shanu, na lakato da gashin kaza, na shafe cikin kuben har ƙurya. Don kada aiki ya zama rabi, na sake yi washegari, na kuma yi wanshekare. Wuƙa ta koma shiga da fita sumul, ba gardama. Girgizar safe kuwa ban bari ba, sai dai na riƙa yin ta a hankali, kamar mai tada babban mutum daga barci. Daga baya na ga tunda kullum amsa ɗaya ce, ba dalilin maimaita tambaya.

Ana haka matar ɗana ta haihu, mace. Uban yana can bakin teku, saboda haka ragon suna da sauran ɗawainiya suka faɗo kaina. Uwar mai jego ta zo daga wajen Damana don wanka, wata doguwar mace mai Hausa da gishirin Zabarmanci. Tun ranar farko na ji ta ta bayan zana tana neman wuƙa, wai a ajiye wajen kan jinjira, saboda iskoki da masu mugun baki ba sa kusantar ƙarfe. Na tashi na tsaya jikin zanar, na yi lacca. Na ce muddin ina numfashi ba za a kwantar da jikata kusa da ƙarfe ba. Na ce akwai wasu ƙwari da ake kira mikrob, a jikin ƙarfe suke kwana, ido ba ya ganinsu.

"Mu ma abin da muka tsoro ido bai ganinai," in ji ta.

Na ce nasu a baki yake, nawa a littafi. Maigida ya yi magana, wuƙa ba ta shiga ɗakin ba. Daga ranar matar nan ta daina amsa gaisuwata sai da hanci. Jinjira kuma ta kama kuka, kwana uku, ko don zafi ko don ciki, Allah masani. Kowane kuka sai in ji ana tsaki ta bayan zana, kuma na san adireshin tsakin.

Rana ta huɗu ta faɗo ran kasuwar Filinge. Da safe, kafin in hau amalanke, tsohuwa ta fito mini da jinjirar rumfata don in tofa mata addu'a. Ɗakin suruka ba wurin shigata ba ne. Tun da aka kawo matar ɗana gidan ban taɓa ganin cikinsa ba, muryarta ma ta bayan zana na san ta. Aka shimfiɗa jinjira a tabarma cikin zannuwanta, ninki a kan ninki, fuska kawai a waje. Na durƙusa, na duƙa har gemuna ya kusa taɓa goshinta. Na karanta abin da na sani, na ƙara da abin da nake zaton na sani, na ɗaga murya don ta Damana ta ji cewa akwai tsari wanda ba na maƙera ba. Na tofa sau uku. Tsohuwa ta tattare ta da zannuwan gaba ɗaya ta yi ciki, ni kuma na kama hanya.

A kasuwa, kafin in shiga wajen tumaki, na sayi goro na biya ta rumfar taubashina don in rage masa jin daɗin safiya. Na zauna a kan fatunsa ba tare da an ce in zauna ba. Na sa hannu cikin riga. Yatsuna suka nemi ƙota, suka kama iska. Na jawo kuben waje. Baki buɗe, ciki wayam.

Na miƙe na kakkaɓe riga. Na tattaɓa ciki, na tattaɓa mazagin wando, na yi tsalle biyu a wuri ɗaya har wata mai fura ta janye ƙwaryarta. Ba abin da ya faɗo. Taubashina ya kamo kuben, da ni a jikinsa, ya kai hanci.

"Wanga kube na ko tuwon suna? Wa yab ba shi man shanu?"

"Zahi na yas sa hwata..."

"Zahi ka tatsar shanu garinku? Diba nan. Abin da niy yi don shi riƙe, ka sassauta. Abin da niy yi don shi tsinke, ka sa igiyar guga. Da ka rataya kanka ga kuben ka aje wuyan gida, da aikin ya cika." Ya ɗauki almakashi ya datse igiyar, ya jefa kuben cikin kwandonsa. "To, ina da ina kad duƙa yau?"

Muka shiga ƙirga. Masallaci da asuba. A'a, bayan nan na yanka goro da ita wajen karin kumallo. Ɗaurin takalmi. Takalmina ba su da maɗauri. Hawan amalanke. Wannan miƙewa ce, ba duƙawa ba. Na ce sai kuma lokacin da na tofa wa jinjira addu'a.

Na ji maganar a kunnena bayan ta fita. Taubashina ya ajiye basillar da ke hannunsa. Shekara sittin muna zagin juna, ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya a ɓoye cikinta ba sai ran nan.

"Ɗan'uwa," ya ce, "kira gida. Yanzu."

Wannan "ɗan'uwa" ya fi kowane zagi tsorata ni. Na zaro ƴar wayata, na kira tsohuwa. Ta ɗauka, da hayaniyar mata a bayanta. Da mai hankali ne sai ya ce a warware zannuwan jinjira maza. Ni kuwa, har a wannan hali, sai na fara neman hanyar da zan tambaya ba tare da na amsa laifi ba.

"Lahiya lau gidan?"

"Mi? Ban jin ka."

"Na ce, ba ku ga wani ɗan abu ba? Bayan na hita?"

Rezo, wato layin waya, ya riƙa yanka maganarta gunduwa-gunduwa. "Mun gani... tun ɗazu... jini kaɗan na... tana ƙalƙashin kanta..." Sai wata ƙara ta mata ta tashi, doguwa, mai kaifi. Waya ta mutu.

Kuka ne ko guɗa? Shekara saba'in ina jin duka biyun, amma a cikin ƴar wayar nan ban iya rabewa ba. Na sake kira. Matar nan ta cikin waya ta amsa da Faransanci ta ce ba a samun wanda nake nema. Karo na farko a rayuwata da na gane Faransancin mutum kaf, bai kuma amfane ni da komi ba.

Motar kasuwa ba ta tashi sai yamma. Moto kuwa, wato babur, tun da aka hana hawansa a yankinmu ba mai fito da nasa. Taubashina ya bar rumfarsa buɗe, ya ja ni har bakin kasuwa, ya tsayar da wani Bazabarme mai amalanken jaki da ya ɗauko kanwa zai bi ta wajenmu. Ya tura ni sama kamar buhu. Rago ko tunawa da shi ban yi ba.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Na ce wa mai amalanke ya yi sauri. Ya ce jakin Zabarmanci kaɗai yake ji, kuma ko da Zabarmancin ma ba ya son a matsa masa. Na zauna a kan kanwa na ɗauki maganar tsohuwa na shiga fasa ta kalma-kalma, yadda ake yi mana a allo. Tana ƙarƙashin kanta. Wace ce "tana"? Wuƙa mace ce. Jinjira mace ce. Kan wa? Mai jego mace, uwarta mace, tabarma mace, har rumfar mace. Duk gidan ba namiji sai ni da kube, mu biyun kuma ba ma gida. Ko kanta ta ce, irin ta kanti? Ba mu da kanta a gida. Jini kaɗan ne. Kaɗan a wurin wa? Matar da ta haifi tara, abin da za ta kira kaɗan zai iya cika moɗa. Jinjirar kwana huɗu kuwa duka jinin jikinta nawa ne?

Can sai in ce a'a, ai wataƙila wuƙar a hanya ta faɗi, abin da suka gani wani abu ne dabam. Sai in leƙa rairayi ina duba sawun amalanken safe. Sau biyu na sa aka tsaya, na sauka, na tarar da murfin gwangwani yana walƙiya. A karo na uku mai amalanke ya ce shi bai gane ni ba: in yi sauri, in tsaya, in yi sauri, in tsaya. Na ce ni ma ban gane ni ba. Na yi wa Allah alkawura a hanyar nan waɗanda har yau ina biya. Na tuna da fuskar nan ƴar mitsitsiya a cikin zane, da ban ma san sunan da za a sa mata ba, da ɗana da ya bar mini amana ya tafi neman abin da za mu ci. Me zan ce masa? In ce goro?

Bayan azahar muka iso. Na saurara daga ƙofar gida: ba kuka. Na shiga ina jan ƙafa. Mata sun cika tsakar gida, wasu na daka, wasu na tankaɗe. Suna ganina suka tsaya. Sai ga ta Damana ta fito da kanta, da moɗar ruwa a hannu. Matar da kwana uku take amsa mini da hanci ta durƙusa har ƙasa.

"Fofo, Mushe, fofo! Sannu da rana." Ta juya ta rangaɗa guɗa, irin wadda na ji a waya.

Na karɓi ruwan don ban san me ake yi da hannu ba a irin wannan lokaci. Na ce, "Jinjira hwa?"

"Kwana takai. Tun da ƙarhenka yas shiga ƙalƙashin kanta ko uhum ba ta ce ba. Kwana ukku ba mu runtsa ba, yau hal mai jego ta yi minshari."

"Ƙarhena?"

"Ai uwar gida ta gaya muna komi. Ta ce babban mutum bai maida magana da baki. In ya gane gaskiya, sai shi zare tashi yuƙa daga wuyanai, shi saka cikin zane a ɓoye, shi yi tahiyatai kasuwa don kar a yi mai godiya. Ashe baki na kaɗai gare ka mai tauri."

Mata suka ɗauka: "Allah shi saka, Mushe." "Ashe ana tuba da tsuhwa." Wata ta ce tun da can ita ta san karatun bai kama ni sosai ba, kuma yabo take nufi.

Na zauna a kan turmi. Jinjira lafiya, wannan na ji. Sauran kuwa ban gane inda ya dosa ba. Na yi tafiyar nan duka ina shirya yadda zan karɓi tsinuwa, ga shi ana miƙo mini ruwan sanyi. A nan ne ya kamata in yi shiru in gode wa Allah. Amma bakin da ya saba lacca ba ya jin linzami. Na gyara murya na ce, to, ai ilimi bai hana mutum girmama abin da ya tarar. Na ce ko a littafin Nasara an rubuta akwai ƙarfe a cikin jinin ɗan Adam, saboda haka ƙarfe da jinjiri dangi ne. Na ce da ma gwada su nake yi in ga ko sun riƙe al'ada da gaske. Har na fara jin cewa wataƙila da gangan na yi, na manta ne kawai.

Ina cikin bayani na hango tsohuwa a ƙofar madafa, muciya a hannu, tana kallona kamar yadda ake kallon akuyar da ta shiga masallaci. Babban yatsanta na dama naɗe da tsumma.

Bayan la'asar mata suka watse, suka bar tsohuwa. Ta iske ni a rumfa, ta zauna nesa kaɗan, ta warware wani zane a kan tabarma. Na gane shi, shi ne na saman jinjira da safe. Ta zura yatsa ta wata tsaga, ya fito ta ɗaya gefen. Ta ɗaga ninki na biyu, nan ma tsaga. Ta ɗaga na uku. Shi lafiya lau.

"Wanga na ukkun shi na bisa cikinta," ta ce. "Da na ɗauke ta na ji abu mai tauri, na sa hannu in gyara." Ta ɗaga yatsan mai tsumma. "Ga wanda yak karɓi gaisuwar."

Na dubi yatsan, ita kuwa ta ci gaba.

"Matar ga na tsaye bisa kaina. In ce mata mi? In ce kakan ɗiya ya saki aska cikin zanenta yana addu'a? Da yanzu ta kwashe ɗiyarta da jikarta sun kai Damana, a yi sunan can, ɗanka shi ji labari ga waya. Sai niy yi maka tuba, tunda kai ba ka iya ba."

Na ce na gode. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma na ga ya kamata a bayyana al'amarin ta fuskar ilimi. Na ce a gaskiya laifin na yanayi ne, zafi kan canza halin fata. Na ce shi ma bawan nan baduku bai ɗinka bakin yadda ya kamata ba.

"Yuƙa mai ƙamshin man shanuna? Man da nika tara ma mai jego tun wata biyu, ina zargin mage?"

Na ce magen ma ba za a wanke ta gaba ɗaya ba.

"Ina rago?"

Na ce ragunan yau ba su yi mini ba.

Ta ninke zanen, ta miƙe. Na ga in ta fita haka, to na zauna ke nan ba wuƙa, ba kube, ba rago, ba ko kalma ɗaya da ta tsaya da ƙafarta. Goron da na saya yana aljihu tun safe, haƙori ba zai taɓa shi ba. Na ce, da murya irin ta maigida, tunda dai an ga abin da aka gani, a fito mini da kayana.

"Ta sha tsumma ninki bakwai, an ɗaure da zare, tana ƙasan katihwa. Sai an yi arba'in."

"Arba'in? Haba, ke ma? Shekara nawa kina zaune da mai karatu. Ke yanzu tsakaninki da Allah, kin yarda ɗan ƙarhen ga na iya tsare ɗiya daga wani abu?"

Ta tsaya a bakin rumfa, ba ta ko juyo ba.

"Yana tsare ta ƙwarai, Mushe. In dai yana can, to ba ya wuyanka."